Malam Sha'aibu Maƙeri da Garmar da Yashi Bai Cinye Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki. Hakimi, Allah ya ƙara girma. Dagacin Ɗanzomo, Liman, Allah ya gafarta malam, Sarkin Maƙera, Sarkin Noma. Hajiya Asama'u, matar marigayi, da ke jin mu daga cikin gida. Abdulmuhaimin, babban ɗansa, da ƙannenka. Baƙinmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa, da waɗanda suka taso daga nesa ba mu aika musu ba. Assalamu alaikum.

Ni ne Sajo, shugaban masu garmar shanu na wannan yanki. An ce in yi magana yau da Malam Sha'aibu ya cika kwana arba'in a kabari, don shekara talatin ina kai masa garma gyara. Zan faɗi alherinsa, zan kuma faɗi wani abu da ya tsaya mini a wuya. Ku yi mini haƙuri.

Kowa a nan ya san ƙasarmu. Jigawa ce, yashi ne. Tana da sauƙin huɗa, amma tana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin kara. Da, kafin damina ta raba, bakin garma ya cinye. Sai ka kwance shanu ana tsakar shuka ka nufi maƙera, ruwa yana wuce ka.

Malam Sha'aibu ya kasance mutumin da wannan abu ya hana sakewa. Wata shekara masu haƙar rijiyar burtsatse suka yar da tsohon bakin injinsu a bayan gari. Ya tsince shi, ya ga wasu ƙananan haƙora a jiki waɗanda dutse ma bai cinye su ba. Ya ce mini, “Sajo, in na dasa wa garma waɗannan, yashi ya shiga uku.” Na ce, “Dasawa da me? Walda?” Ya ce walda fasa su take yi.

Shekara huɗu yana fama. Ya narka tagulla tsakanin haƙorin da ƙarfen, ta ƙi kamawa. Ya haɗa wani gari da yake barbaɗawa kafin ya sa wuta, ya sake, ya sake. Garmata biyu ya lalata. A ta uku haƙoran suka zauna daram. Damina uku na yi da ita ban koma maƙera ba.

Mu kuma me muka yi? Zarginsa muka yi. Muka ce asiri ne. Wasu suka ce kada a bar shanu su ja ta, za su rame. Ni kaina sai da na kai garmar wurin Liman na ce ya duba. Liman ya jujjuya ta ya ce, “Sajo, ban ga aljani ba, tagulla na gani.”

Marigayi ya kasance ba ya yarda da ƙarfe sai ya gwada shi. Ya kasance in ya haɗa wa mahauci wuƙa, ko ya gyara wa mai injin sussuka wuƙaƙensa, sai ya bi mutum har rumfarsa bayan wata guda ya ce a nuna masa bakin. Ya kasance in aikinsa ya ɓalle ba ya cewa kai ka yi ganganci, karɓa yake ya sake. Mahautan Maigatari suna nan, har na tsallaken iyaka. Su tashi su ƙaryata ni.

Ƙarfe ne ba ya yarda da shi. Mutane kuwa, yana yarda da su fiye da kima. A nan ne maganar da ta tsaya mini take.

Shekara biyu da suka wuce, wani baƙo ya same ni a kasuwar Gumel. Ya ce sunansa Injiniya Ɗanjuma, daga wani kamfanin kayan noma a birni. Ya ga garmata a bayan amalanke, ya durƙusa yana shafa haƙoran. Ya ce so yake a taimaki mai wannan fasaha, duniya ta san shi. Ni na hau da shi Keke Napep har ƙofar maƙerar. Ni, ba wani ba. Malam Sha'aibu ya shimfiɗa masa tabarma, ya hura wuta, ya yi aikin a gabansa daga fari har ƙarshe, baƙo yana ɗauka da waya. Da zai tafi ya roƙi garma biyu ya ce za a auna su. Ya tambayi abin da ke cikin garin nan da ake barbaɗawa. Malam ya yi dariya ya ce, “Wannan sai uwargida, ita ke daka mini.”

Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Wata takwas bayan nan sai ga garemani a kasuwar Gagarawa, an shafe su da koren fenti, da haƙora a jere yadda Malam yake jera nasa, har ɗan karkacen da yake ba na gefe. Sai kuma ga takarda daga lauya, wai kamfanin ya yi wa wannan haɗi rajista da sunansa, Malam Sha'aibu ya daina kwaikwayo. Abdulmuhaimin ne ya karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “To, ashe ni ne ɓarawon.” Kwana tara bai hura wuta ba.

Kada wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban kai ta ba. Ciwon ajali ne ya ɗauki Malam Sha'aibu, muna gefensa. Ban zargi kowa da ransa ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Koren garemanin nan, duk wanda ya saya ya sani, haƙoransu zubewa suke yi kafin a gama huɗar fari. An ɗauki hoton hannunsa, ba a ɗauki garin ba. Sai ga shi kwana uku da rasuwa, mutumin da ya yi shekara biyu bai ɗaga wayarmu ba ya iso gaisuwa da buhun shinkafa. Ranar bakwai ya dawo, ya aiko a gaida Hajiya, yana tambaya ko akwai sauran garin a gida. Jiya ya ja Abdulmuhaimin gefe ya ce za a ba shi aiki a birni, a kuma sa sunan mahaifinsa a jikin kwali. Yau ga shi can a layi na biyu. Injiniya, sannu da zuwa. Tabarmar gaisuwa ba a korar kowa daga kanta. Tambaya ɗaya gare ni, in ka ga dama ka amsa wa Hakimi bayan addu'a: in haɗin naku ne, me kuke nema a turmin Hajiya?

Abdulmuhaimin, ɗana, ka san ni tun kana goye. Ban hana ka arziki ba. Amma kada ka sa hannu a takardar da Hakimi da Sarkin Maƙera ba su ji an karanta ba. Hajiya Asama'u, ke kaɗai kika san awon. Da na turo matata ta tambaye ki shawararki, kin ce, “A tara maƙeran garuruwan nan huɗu, in auna a gabansu, a rubuta da sunan Malam, kowa ya shaida. Abin da mutum ɗari suka sani ba ya satuwa.” To mun tsayar da ranar Asabar, bayan azahar, a zauren Dagaci. Mun gode miki. Kin fi mu hankali, musamman ni da na kawo baƙon.

Muna godiya ga iyayen ƙasa da malamai da duk wanda ya baro gonarsa ya zo.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sha'aibu. Ka sanyaya masa makwanci, ya sha zafin wuta a duniya don mu samu abinci. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsare su daga mai zuwa da fuska biyu. In zaton da na yi wa bawanka da ke zaune a nan kuskure ne, ka yafe mini, zan kuma je har gabansa in roƙe shi gafara. In kuwa daidai ne, ya Allah, marayun nan ba su da lauya sai kai.

Liman, a yi mana Fatiha.