Ranar da ƙafafuna suka ƙi tafiya a kan dusar ƙanƙara

'Yan'uwa, salama gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Zan yi magana a hankali saboda maƙwabta, amma zuciyata ihu take yi!

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Bulus, direba a gidan kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini na zo aiki, can unguwar Bani Malik a nan Jidda. Babban ɗansa, Ustaz Faisal, yana son wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Sanyin da ya wuce ya ce in raka shi ƙasar Jojiya in riƙe masa kaya da kyamara. Ni mutumin Kafanchan, ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin firji.

Ustaz ba ya son inda jama'a suke, bayan dutse yake so, inda babu sawun kowa. Jagoran farko da muka samu ya haƙa rami da shebur ya nuna mana: sabuwar dusa ta daskare a sama kamar faifai, a ƙarƙashinta kuwa tsohuwa ce mai warwatsewa kamar sukari. Ya ce shi ba zai hau ba. Ustaz ya fusata. Washegari sai ga wani mutum a ƙofar otal yana murmushi, wai shi ma jagora ne. Har da ɗan Larabcinsa: "Ma fi mushkila, ya shekh," wato babu matsala.

Tun da na gan shi hankalina bai kwanta ba. Wa ya gaya masa muna neman jagora? Me ya sa ma'aikatan otal suka kau da kai da ya shigo? Jagoran farkon ya rataya mana wata na'ura a ƙirji, wadda ake gano mutum da ita idan dusa ta binne shi. Wannan kuwa da na tambaye shi, dariya ya yi ya dafa kafaɗata. Ko shebur babu a jakarsa, na leƙa.

Na ja Ustaz gefe na ce, "Ustaz, mutumin nan bai kwanta mini ba."

Ya ce, "Kai dama komai ba ya kwanta maka, ya Bulus. Yalla, mu tafi."

Muka hau. Mutumin yana gaba, bakinsa na dariya, idonsa kuwa sai satar kallon saman dutse yake. Da muka zo bakin wani gangare mai faɗi, sai na ji ƙasa ta yi "wuf" a ƙarƙashina, kamar buhu ya sace. Ga tsaga ta tafi daga ƙafata ta yi gaba. Na kira shi na nuna masa, ya ce iska ce. 'Yan'uwa, ko gashin hulata bai motsa ba!

Nan na runtse ido na ce, "Ya Yesu, ban san ƙasar nan ba, ban san mutumin nan ba. Kai ka san su. In ba hanya ba ce, ka tare ni."

Ƙafafuna suka mutu. Na zube a wurin, na kasa tashi.

Ustaz ya riga ya shiga gangaren. Ya juyo da baya, ya tsaya a kaina yana faɗa: "Wallahi in ba ka tashi ba, muna komawa Jidda halas, shi ke nan, ka nemi wani kafilin!" Bai rufe baki ba dutsen ya yi ƙara kamar an kifar da kwantena a tashar jiragen ruwa. Gangaren duka ya zaftare, daidai inda yake tsaye ɗazu.

Da ƙurar ta lafa, babu jagora. Can gefe muka hango hannu. Da yatsu muka tona, ni da Ustaz, dusar ta yi tauri kamar siminti. Muka fito da shi da rai, ƙafa a karye. A asibiti aka gaya mana ba jagora ba ne, hayar takalman zamiya yake bayarwa.

A jirgin dawowa, da muka hango fitilun Jidda, Ustaz ya juyo gare ni. Ya ce, "Me kake faɗa lokacin da ka rufe ido?"

Tsoro ya kama ni, kun san inda muke zaune. Na ce, "Addu'a nake yi, Ustaz."

Ya kalle ni ya ce, "Kada ka daina."

Yabo ga Ubangiji! Ya tsirar da mu duka uku. 'Yan'uwa, in Ruhu ya hana zuciyarku kwanciya da wani abu, kada ku ji kunyar tsayawa, ko da ana yi muku tsawa. Ku dogara gare shi. Amin.