Kwanon da Na Mayar wa Maƙwabciyata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Rabi ce daga Misfala, Makka.

Wata Juma'a maƙwabciyata Indo ta aiko mini shinkafa. Na mayar mata da kwanon a rufe, na ce akwai shubuha, don mijinta yana jigilar alhazai marasa tasrihi, wato takardar izinin aikin Hajji. Tun ranar ba maƙwabciyar da ta sake buga ƙofata.

Na kira Rifkatu, ƙawata Kirista a Jos. Ta ce, "Haba Rabi! A coci ana gargaɗinmu kada mutum ya ga ya fi kowa tsarki, kada kuma ya dulmiya cikin mugunta. Kin guji haram, amma kin kunyata baiwar Allah."

Yau na tuƙa wa Indo tuwo, har ya huce ban iya fita ba. Jama'a, in ta buɗe ƙofa, me zan fara cewa?