Dajin da ya kama Inna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ku yi haƙuri da ni, ban saba tsayuwa a gaban mutane ba.

Sunana Iliya. Waɗanda suka san ni a tashar Dutse sun san ba na zama wuri ɗaya. Na gudu daga makaranta, na taɓa kanikanci, na taɓa kwandasta, na dawo acaɓa. Coci kuwa sai ran Kirsimeti.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu na je ƙauyenmu wajen Aujara, na tarar Inna, mahaifiyata, tana daka da hannu ɗaya. Na tambaya, ta ce ba komai. Gwaggo Ladi, ƙanwar marigayi babana, ita ta ja ni bayan rumbu.

Ta ce, "Ɗan nan, ciwon daji ne a nononta. Kuma ka ji ni da kyau, daji ba ya son ƙarfe. Allura ta taɓa shi, ya fusata ya bazu. Ka kai ta asibiti, kai ka kashe ta."

Wayyo! Duk garinmu haka aka sani, ni ma haka na sani. Muka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har damina ta wuce. Sai wani ƙullutu ya fito mata a hammata. Ba wanda ya yi mata allura fa, amma ga shi ya yi tafiya!

Na ɗauke ta sai asibiti a Kano, Gwaggo tana bin mota tana kuka. Likitan ya duba, ya zaunar da ni.

Ya ce, "Samari, ka san gara?"

Na ce na sani.

Ya ce, "Ka ga yadda take gina 'yar hanyar ƙasa a jikin bango, tana bi ta ciki har ta kai azara? A jikin mutum akwai wani danƙo mai riƙe tsoka, muna ce masa fibronektin. Wannan ciwon yakan sa ya yi yawa, ya shimfiɗa shi kamar hanya, ya bi ya je ya manne a wani wuri. Ba allura yake jira ba, lokaci yake ci. Ya kai hammata. In ya kai huhu ko ƙashi, aikin ya fi ƙarfin wuƙata."

Ya ce za a ɗauki hoton ƙirji, in da sauran dama a cire nonon. Mu yanke shawara.

Ni ɗan fari ne, tunda nake Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Ran nan ta riƙe hannuna ta ce, "Iliya, abin da ka ce shi za a yi." Jama'a, sunana ne fa na ji a bakinta! Na ce shi ke nan, sallama take min.

Na fita bayan ɗakin, na durƙusa kusa da famfo, mutane suna wucewa da kwanuka. Na ce, "Yesu, ban iya addu'a ba. In na ce a yanka ta mutu, ni ne. In na hana ta mutu, ni ne. Ka riƙe ni, na kasa!" Tsoron bai tafi ba, ba zan yi muku ƙarya a gidan Ubangiji ba. Amma na iya miƙewa. Na koma na ce, "Likita, a yi."

Hoto ya fito, bai kai huhu ba. Halleluya! Aka yi aiki, aka yi ta ƙarin ruwan magani, gashinta ya zube, ta rame har na daina iya kallonta. Gwaggo Ladi ce ta yi jinyarta, kullum tana watsa min harara, tana ba ta kunu a baki.

Har yau in za mu koma a duba ta, ba na iya cin abinci. Likita bai ce ya tafi har abada ba.

Iyayena mata, in kun ji ƙullutu, kada ku ɓoye, kada ku ji tsoron allura. Ku dogara ga Yesu, ku tafi da wuri. Ga Inna can a layin mata, da ƙafarta ta zo. Inna, ɗaga hannu su gan ki. Ku taya ni gode wa Ubangiji. Amin!