Shef a Rami, Ɗalibi a Gidana

Gaisuwa gare ki, mai gabatarwa. Ni ne Ayuba, ɗan Maraɗi, ina aikin haƙar iraniyom a Akokan.

Da baƙi suka cika majami'armu, fasto ya raba mu ƙungiyoyi don koyon almajirci, ya ba ni jagorancin mutum shida. Cikinsu har da shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, sa'an babana. Ran Alhamis muna karatu kan gafara a gidana, sai ya ce, "Ayuba, ni na hana a ƙara maka girma. Ka yafe mini." Na yafe. Washegari cikin rami ya daka mini tsawa gaban kowa, kamar kullum.

Kaina ya ɗaure. Jama'a, ku ba ni shawara: in ya dawo karatu, in yi masa gyara, ko in shimfiɗa masa tabarma in yi shiru?