Bayanan Dogo Sun Sauka a Layin da Ba Nasu Ba

Talata, sha bakwai ga wata, ƙarfe uku da minti ashirin na rana.

KAWU: Uwata, kina ji na?

AUTA: Ina jin ka, Kawu. Ina wuni?

KAWU: Lafiya lau. Ya maigidan? Ya yaran?

AUTA: Duk lafiya. Ya idon?

KAWU: Na hagun yana nan yana aikin mutum biyu. Ya ofis?

AUTA: Mun gode Allah. Kawu, kai da ba ka kira sai Lahadi bayan ka goge takalmi, yau Talata fa. Lafiya?

KAWU: Ɗan ƙarin nan ne da kika koya mini haɗawa, na cikin edita.

AUTA: Muryarka tana yankewa.

KAWU: Bari in matsa jikin taga. Na ce ƙarin da na haɗa wa manhajar da muke rubuta kod a cikinta, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Wanda in mutum ya ɗora linzamin kwamfuta a kan layi, bayani zai fito ya faɗa masa dalilin da ya sa aka rubuta layin.

AUTA: Ai na gani yana aiki. Har hoto ka turo mini, rabin hoton babban yatsanka ne.

KAWU: Ya yi aiki kwana goma sha ɗaya. Bayani ɗari uku da sha biyu na zuba masa a kan tsohon kod ɗin da ke buɗe famfunan ruwa yana rufewa. Ɗari da tara daga bakin Dogo na ɗauko su.

AUTA: Abokin aikinka da ya rasu bara? Allah ya jiƙansa.

KAWU: Amin. Wata biyu ina zuwa asibiti da littafi da fensir. Yana kwance ido a rufe, sai ya ce layi na kaza, kada a taɓa, ga dalili. Da ka yake faɗar lambobin. Wasu wuraren ni kaina ban fahimce su ba, rubutawa kawai na yi.

AUTA: To me ya faru?

KAWU: Jiya sabuwar shugabar sashe ta ce kod ɗin ya yi kaca-kaca. Ta sa abin nan da ke daidaita rubutu da kansa, ya raba dogayen layuka, ya ƙara sarari. Layi dubu tara ya koma dubu goma sha huɗu.

AUTA: Tsaya, Kawu. Da me ka ɗaure bayanan? Da sunan aikin da layin ke cikinsa, ko…

KAWU: Da lambar layi.

AUTA: Kai, Kawu.

KAWU: A makarantar mishan da rula muke ja wa kowane layi lamba a gefe. Da na fara aiki, kati ake hudawa a sa wa kwamfuta, kowane kati da lambarsa a jikinsa. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ganin layi ya tashi daga inda aka ajiye shi ba.

AUTA: Laifina ne. Na koya maka yadda za a sa bayani ya fito, ban tambaye ka inda ka rataye shi ba.

KAWU: Akwai inda injin ke jira daƙiƙa takwas kafin ya rufe babban bututu. Dogo ya ce in aka cire jiran, ruwan zai dawo ya doki bututun. Yau da safe wata ma'aikaciya ta ɗora linzami a wurin, sai ga bayanin wani layi daban, wanda ke cewa tsohon gwaji ne, ana iya gogewa. Ta goge.

AUTA: Ya fashe?

KAWU: A famfon gwaji ne, Allah ya taƙaita. Amma ƙarar ta kai har hawa na biyu. Shugaba ta kira ni, ta ba ni kujera, ta yi magana da ladabi. Ta ce bayanin da ke ɓatar da mutum gara babu shi. An cire ƙarin daga kwamfutocin kowa. Ban yi musu ba, gaskiya ta faɗa.

AUTA: Ai da gyara. A dawo da tsohon kwafi, a gwada shi da sabon, minti talatin na gama maka.

KAWU: Babu tsohon kwafi. Shugaba so ta yi a share shi fes kafin a sa shi a ma'ajiyar da ke riƙe tarihin canje-canje. A kan tsohon aka rubuta sabon.

AUTA: Ko ɗaya?

KAWU: Sai na takarda. Shafi ɗari biyu da sittin, a kwali, ƙarƙashin teburina. Tawadar ta koɗe.

AUTA: To shi ke nan, ka nemo kowace lamba a takardar, ka karanto mini sunan aikin, ni kuma in sake ɗaure su. Ko in zo Asabar.

KAWU: Juma'a zan miƙa makulli, kin manta ritayata ta zo? Kwalin kuma kayan ma'aikata ne, ba ya fita ƙofa. Ɗazu na gwada da gilashin ƙara girma. Awa ɗaya, bayani huɗu, sai idon ya fara ruwa.

AUTA: Ka ɗau hoton shafukan ka turo.

KAWU: Ki sake ganin babban yatsana sau ɗari biyu da sittin?

AUTA: Ba wasa nake ba, Kawu. Fara da na Dogo. Ba wani da zai zauna ya karanta maka?

KAWU: Abokan aiki sun ce za su duba in sun samu sarari. Mutanen kirki ne, aiki ya yi musu yawa.

AUTA: A cikin waɗanda kuka rubuta shi fa, wa ya rage?

KAWU: Mu biyar ne. Dogo ya tafi. Mai Tabarau ya riga shi da shekara shida. Injiniya yana nan, amma tun da jikinsa ya shanye ba ya magana. Malamar da ke huda mana kati tana gidan ɗanta, ran nan na je gaishe ta, ta tambaye ni ko ni ne mai gyaran fanka. Saura ni, da kwalin nan, da kwana uku.

AUTA: Buɗe kwalin, ina riƙe da biro.

KAWU: Layi na dubu huɗu da ɗari biyu da goma. Dakata, ko sha shida ne… Uwata, bari in goge idon, zan sake kira.