Kudun da Ban Nema Ba

Tunkiyar Inna aka kai kasuwar Gwaram aka yi min kuɗin mota, ranar da zan tafi aikin sojan ruwa. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙirjina ba. Kai Sadi, daina dariya, ba aikin kake nema ba kai ma? To saurara.

Ina Legas cikin jirgi, na ma fara sabawa da amai, sai aka kira ni daga garinmu Fagam cewa idon Inna yana rufewa, asibiti sun ce sai haƙuri. Kullum maganarta ɗaya, Habu, wato ni, ya zo ta gan shi tun tana gani. Lokacin kuwa canjin wurin aiki ya zo, fostin suke ce masa, har tambayarka ake inda kake so. Akwai 'yan wuraren da ake ajiye mu a Arewa, ko ba teku. Na ji daɗi ƙwarai.

Ogan da ke rabon ya yi yarinta a Sabon Garin Kano, yana ji da guntuwar Hausarsa. Ya ce yau ba Turanci.

"Aboki, ina kana so?"

Na san bai san Fagam ba, sai na ce, "Yallaɓai, wajen Birnin Kudu."

"Kudu? Na sani Kudu. Babu wahala."

Na ƙame, na sara masa, na fito ina ta yi masa addu'a. Da sunaye suka fito, sai ga nawa a Kalaba, can kudancin ƙasar. Na koma na yi masa bayani cewa namu kudun, kudu da Kano ne. Bawan Allah ya riƙe baki, wallahi ya ji ba daɗi, shi a ganinsa alfarma ya yi min. Amma an riga an sa hannu, kuma soja ba ya musu. Daga baya manya suka zo suna tambayar ko kowa ya gamsu da inda aka kai shi. Na ce yessa, raina kuwa a ɓace.

Ina isa jirginmu ya fita teku, ba maganar hutu sai bayan damina. Da na samu, a tashar Birnin Kudu na sauya kaya, na sa fararen nan na fareti, don ta gani.

Na same ta kan tabarma a tsakar gida. Ta kama hannun rigar, ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya, sannan ta shafa fuskata.

"Habu, an ce fari ne kayan naku?"

"Fari ne, Inna."

"To kar ka zauna a ƙasa. Ku kawo masa kujera."