Ni Na Nace a Sa Kwano

Salamu alaikum mai gabatarwa, da kai da masu saurare. Daga ƙauyenmu kusa da Alela nake rubutowa, ni da na bar lakwal a aji huɗu amma nake jin kaina injiniya.

A taron iyaye ni na nace a cire rufin karan ajin ɗiyata Hadiza a sa kwano. Har cewa na yi, "Kara na ƙauyawa ne!" sai ka ce a birni aka haife ni. Da bazara ta kama, yarinya kullum ciwon kai, ta ce ita da lakwal har abada. Na tafi in yi wa mushe, malaminsu, faɗa. Ya ce, "Malam, zauna bencinta tukuna." Wallahi kafin ya gama kiran suna na fito don zafi, hula a hannu.

Baba Ila, tsohon magininmu, ya ce, "Karan ƙauyawan nan za mu shimfiɗa bisa kwanonka." Aka shimfiɗa, aka ɗaure tam. Aji ya yi sanyi, Hadiza ta koma.

Saura ajin ƙanana. Na yi alkawarin dami goma na kara, ga shi saniyata ta cinye huɗu. Jama'a, wa zan ba haƙuri, mushe ko saniya?